An ba ni darasin zane a firamare, ni kuma ko kofi ban iya zanawa ba

Saƙon wannan satin daga wata malamar firamare ya fito, ta roƙi kar a faɗi sunanta ko na makarantarsu. Ga abinda ta rubuto, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata firamaren gwamnati, Hausa da Islamiyat na karanta a NCE, amma zangon nan aka ɗora min CCA, wato darasin zane da aikin hannu, a aji uku da aji huɗu saboda mai koyarwan an yi masa canjin wurin aiki. Anti wallahi ko kofi ban iya zanawa ba, in na zana a allo dariya yara suke. Aji ɗaya yara sun haura tamanin, na ce kowa ya zo da kala da littafin zane, waɗanda suka kawo ba su kai goma ba. Satin da ya wuce kuma wani uba ya zo har bakin aji yana faɗa wai ina koya wa ɗansa zanen mutum alhali haramun ne. Hedimasta ya ce in daina wahalar da kaina, in dinga rubuta musu not kawai suna kwafa. Duk ranar da nake da darasin nan tun daga gida gabana yake faɗuwa. In nemi a canja min ne ko ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Kar ki nemi canji. Na faɗa miki wannan tun farko ne dan hankalinki ya kwanta ki karanta sauran a nutse, ni ma na riƙe irin ajin nan shekaru da dama kuma na san faɗuwar gaban da kike faɗa, tsoron kar ki cuci yaran mutane ne yake kawo ta, kuma mai irin wannan tsoron shi ya kamata a bar wa ajin.

Toh mu fara da abinda ya fi ci miki tuwo a ƙwarya, wato rashin iya zane. Kinsan yadda aka koya mana mu a firamare ai, malam ya zana kofi ko ganye a allo ya ce kowa ya kwafa, a kai masa ya duba wanda ya fi kama da nasa ya ba shi takwas, sauran a ja musu jan biro a ba su uku ko huɗu, shikenan yaro ya tashi da cewa shi bai iya ba har ya tsufa. Ina kyautata zaton ke ma a irin ajin nan aka sa miki wannan maganar a rai. Dan Allah kar ki miƙa wa yaranki ita. Ki daina zane a allo gaba ɗaya in yana ba ki kunya, ki ɗauko kofin kansa ko buta ko reshen darbejiya ki ɗora a kan tebur, ki ce su kalla da kyau, ina ne ya fi faɗi, ina hannun yake, ta ina haske yake bugunsa, sai kowa ya zana abinda idonsa ya gani. Aikinki ki sa su kallo, ki ba su abin taɓawa, ki zaga kina tambaya. Hannun da zai yi zanen nasu ne.

Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa a aji huɗu, can baya yake zama jikin taga, bai taɓa wuce maki uku a zane ba kuma in na nufo bencinsu sai ya kifa littafinsa ya ɗora hannu a kai. Wata rana bayan kaka na fito lokacin tara sai na ga yara sun yi cincirindo a bayan aji, na leƙa, ashe motar kara ya kawo, babbar mota irin ta ɗaukar kaya, ya fere ɓawon karan siri-siri ya sossoke shi a farin cikin nan mai laushi ya tada bodi, ya yanko tsohon silifas ya yi tayoyi har da na safaya a maƙale a baya, ƙofar direba tana buɗewa tana rufewa, ya sa ledar alawa mai sheƙi a wurin fitila. Na tsaya na kasa magana. Yaron da ya auna tsawo da faɗi da ido ya haɗa abu mai tafiya, shi nake rubuta wa uku bisa goma duk sati saboda kofinsa ya karkace. Tun daga ranar na canja yadda nake koyarwa. Ki duba ajinki da kyau za ki samu irinsa, kuma ki duba hannun 'yan matan, za ki ga sun zane tafin juna da biro irin zanen lalle, fure da ganye da ɗige-ɗige a jere ba wanda ya koya musu a allo.

Sannan ki sani zanen yaro yana da matakai kamar yadda tafiyarsa take da rarrafe da tatata. Wani masanin koyar da fasaha mai suna Viktor Lowenfeld ya yi bayanin wannan tun a 1947, cewa yaro yana farawa da ƙazar-ƙazar ɗin layi, daga wajen shekara huɗu ya fara zana ƙaton kai da ƙafafu suna fitowa daga jikinsa, wajen shekara bakwai zuwa tara kuma ya samu tsarinsa da yake maimaitawa, ya ja layi a ƙasa ya jera komai a kai, abinda ya fi muhimmanci a wurinsa ya yi shi babba ko da a zahiri ƙarami ne. 'Yan ajinki a wannan matakin suke. In kika ga kaza ta fi ɗaki girma ba kuskure ba ne, kazar ce a ransa. Kuma kar ki ce masa "wannan kuma mene ne?", ki ce "ba ni labarin abinda ka zana", za ki sha mamakin abinda zai fito daga bakin yaron da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Wani abin da nake so ki lura, CCA ɗin nan ba zane kaɗai ba ne. A manhajar da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta tsara an haɗa zane da aikin hannu da waƙa da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo duk a darasi ɗaya, kinga ke da kika karanta Hausa ai rabin kayan suna hannunki, tatsuniya, waƙoƙin gaɗa, wasannin tashe, karin magana da za a mayar ɗan gajeren wasan kwaikwayo. Ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi yau, sati mai zuwa su gina gidan Gizo da kara da laka, wani satin su fito su kwaikwaya. Darasi uku kenan daga abinda kika fi kowa sani a makarantar.

Maganar kayan aiki kuwa, ki janye batun kowa ya sayo kala. Uban da yake da yara biyar a makaranta yana fama da abinda za a ɗora a murhu ba zai sayi kwalin kala ba, kuma yaron ne zai sha kunya a aji ba shi ba. Kala tana kicin ɗinki. Ki jiƙa zoɓo ya yi kauri sosai kin samu ja mai duhu, ki ɗiga lemon tsami a wani kason ya ƙara haske, ki sa ɗan ruwan kanwa a wani kason a gaban idonsu su ga ya juye ya koma wajen kore-kore mai duhu, wallahi ihun da za su yi sai an jiyo a ofis. Kurkur yana ba da rawaya, in ya haɗu da kanwa ko sabulu ya koma ja. Gawayi a daka a tankaɗe ya ba ki baƙi, jar ƙasa da farar ƙasa suna nan, bula ta wanki ta ba ki shuɗi. Ki jiƙa ƙaro ki zuba kaɗan a kowanne dan kalar ta kama takarda kar ta kakkaɓe in ta bushe, dama haka ake yi wa tawadar allo. Burushi kuma ɗan icen darbejiya ne a daddaka bakinsa kamar asuwaki, ko gashin kaza, ko tsumma a ɗaure a kan tsinke. Gam ɗinki sitaci ne ko fulawa a dama a wuta. Takarda kuwa ki bi masu shago ki roƙi kwalin taliya da na sabulu, ki karɓi tsofaffin kalanda da takardun jarabawar da aka gama da su a yi amfani da bayansu, amma nan ki kula sosai, ki zauna ki tsince duk takardar da take da aya ko sunan Allah ki ware ta kafin ki raba, kar a je a tattaka ta a ƙasa.

Abinda na fi so in fara da shi a sabon aji shi ne bugu da kuɓewa. Ki yanka ɗanyar kuɓewa a tsakiya, ki duba bakin yankan, fure ne sak da ɗakunansa, yaro ya tsoma a ruwan zoɓo ya danna a kwali, ya sake dannawa, ya jera layi, ya saɓa da murfin kwalba ko ganye, kafin minti ashirin ya fitar da zane kamar na atamfa. Babu yaron da zai kasa wannan, kuma shi ya sa nake farawa da shi, wanda ya saba jin cewa bai iya ba yau ya ga abu mai kyau ya fito daga hannunsa.

Ki dinga bin lokaci kuma. Da damina yumɓu yana da sauƙin samu ga ganyaye iri-iri, bayan kaka kara ya wadata sai a yi motoci da gadaje da 'yan tsana da keji, da hunturu kuma ki yi hankali da aikin laka dan iskar tana fasa shi, sai an rufa masa tsumma mai ɗanshi ya bushe a hankali a inuwa, kar a kai shi rana. Yumɓun ki sa manya su ɗebo, kar ki aiki yara bakin kududdufi ko rafi ko da wasa. A jiƙa shi kwana ɗaya, a tsince tsakuwa, a cuɗa shi kamar ƙullin fulawa har ya daina kama hannu, kowa a ba shi curi kamar girman lemo, ya luma babban yatsa a tsakiya ya dinga matsawa yana juyawa har ƙaramar tukunya ta fito. Ranar da za ku yi wannan ki nemo naira ashirin ki juya bayanta ki nuna musu matar da take zaune tana ginin tukunya, ki ce musu wannan Ladi Kwali ce, tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida a garin Kwali, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya buɗe a garin da yanzu ake kira Suleja, tukwanenta suka zaga Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga ta nan a jikin kuɗin ƙasa saboda laka. Ki kalli fuskar 'yan matan lokacin da kike faɗa.

Abu biyu ne ban yarda a kawo wa 'yan aji uku da huɗu ba. Na farko reza, musamman a ce guda ɗaya tana yawo hannu zuwa hannu, duk abinda yake buƙatar yanka ki yanko shi daga gida ko ki yanka da kanki, ɓawon kara ma yana tsaga yatsa dan haka ki nuna musu yadda ake riƙe shi. Na biyu rinin kanti, wanda ake haɗawa da soda mai ƙuna, yana cin fata kuma in ya fantsama a ido sai dai Allah ya kiyaye. In kina so su gane ɗaurin rini su ƙulla tsakuwa a tsohon farin ƙyalle da zare su tsoma a kurkur ko zoɓo, zai koɗe in an wanke amma sun ga yadda zanen yake fitowa, sai ki ba su labarin marinar Ƙofar Mata a Kano da ake cewa tun 1498 take, inda har yau ake rini da baba da toka a cikin rijiyoyin rini.

Yara tamanin kuma ba a raba musu kaya ɗaya-ɗaya, lokacin zai ƙare kina rabo. Ki kasa su gida takwas ko goma, kowane gida da shugabansa, kuma ki dinga ba fitinannun ajin shugabancin nan dan sun fi kowa iya riƙe shi. Shugaba shi zai zo ya karɓi robar kala da kwali, shi zai dawo da su. In ajin ya matse ku fita gindin bishiya, wata ranar ma ba kya buƙatar komai sai ƙasa da tsinke, kowane gida a shata musu fili su zana taswirar unguwarsu, ina masallaci, ina famfo, ina mai ƙosai take zama. Ki ajiye bokitin ruwa ɗaya a bakin ƙofa, minti biyar na ƙarshe na wanke hannu ne da shara, ki riƙe wannan da ƙarfi tun ranar farko domin yaro ya koma gida da yunifom duk zoɓo shi ne abinda zai fara haɗa ki da iyaye mata. Ki ce su zo da tsohuwar riga su ɗora a sama. Ajin zai yi surutu fa, ki sa a ranki, surutun masu aiki daban yake da na masu zaman banza kuma da kunne za ki gane.

Sai maganar baban yaron nan. Na san ya ɓata miki rai, faɗa a bakin aji a gaban ɗalibai bai dace ba ko kaɗan, amma kar ki ɗauke shi jahili ko abokin gaba, mutum ne da yake tsoron abinda zai taɓa addinin ɗansa kuma maganarsa tana da tushe, hadisai sun zo da gargaɗi mai tsanani a kan masu yin surar abu mai rai, kin fi ni sani tunda fanninki ne. Kuma kin san a Bukhari da Muslim akwai mutumin da ya zo wa Ibn Abbas ya ce da yin surori yake ci, Ibn Abbas ya gargaɗe shi sannan ya nuna masa cewa in dole sai ya yi, ya yi itatuwa da abinda ba shi da rai. Malamai kuma sun yi magana a kan sassauci a kayan wasan yara saboda hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Amma bakin aji ba wurin muhawara ba ne, kuma ba kya buƙatar ki ci nasara a kansa. Ki sa hedimasta ya kira shi ofis, ki gaishe shi da mutunci, ki ce Malam na ji damuwarka kuma ba zan sa ɗanka zanen mutum ko dabba ba, ki nuna masa abubuwan da kuka shirya yi. Ba abinda za ki rasa, domin fasahar ƙasar Hausa mafi yawanta dama a nan take, zayyanar allon sauka, dagi, aska takwas a gaban babbar riga, ɗinkin hula, zanen bangon soro irin wanda za ki gani a Gidan Makama da tsofaffin gidajen Kano da Zariya, saƙar faifai da tabarma, zanen ƙwarya, duk layi ne da kusurwa da kala, kuma za su ishe ki shekara ba ki maimaita ba. Abinda kawai zan roƙe ki, kar ki ware yaron a aji ki ce kai babanka ya hana, aikin da za ki ba kowa ya zama wanda shi ma zai iya yi. In kuma wani yaro da kansa ya zana mamarsa ko akuyarsu, kar ki yaga kar ki daka masa tsawa, ki saurari labarin ki wuce.

Kuma ki bincika sana'ar iyayen yaranki, za ki samu mai ɗinkin hula, mai saƙar kaba, maginiyar tukunya, alaramman da ya iya zayyana. Ki gayyato ɗaya a zango ya zo ya yi minti talatin yana nuna musu yadda ake fere alƙalami ko yadda ake fara gindin faifai. Na taɓa kawo wata tsohuwa kakar wata ɗalibata ta nuna saƙar mafici, jikar nan sati guda tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Wa ya sani ko shi mai faɗan ma yana da abinda zai koyar.

Hedimastanku kuma yana da 'yar gaskiyarsa, akwai jarabawa a ƙarshen zango kuma a rubuce take, dan haka ki ba su not ɗin, amma layi huɗu ko biyar bayan sun gama aiki, abinda muka yi yau, kayan da muka yi amfani da su, kalolin da muka haɗa. Yaron da ya ga ja da rawaya sun haɗu sun ba da ruwan lemo a robarsa ba sai ya yi hadda ba. Kar ki yi jayayya da hedimastan, ki ɗaura igiya a bangon aji ki dinga rataye aikin yaran, na kowa fa, ba na gwanaye biyar kaɗai ba, ranar taron iyaye ko ranar karɓar sakamako ki jera tukwane da motocin kara a kan benci a baranda da sunan kowane yaro a jiki. Iyaye za su tsaya suna neman na ɗansu, shi ma hedimastan zai zo ya tsaya.

Abu ɗaya da nake roƙonki da babbar murya, kar ki yarda da al'adar nan ta a ce yaro ya kawo tsintsiya ko kuɗi a madadin aikin hannu a ba shi maki. Ita ta kashe darasin nan a makarantu da yawa, yaro ya je kasuwa ya sayo mafici ya kawo a ba shi tara, ya koyi cewa maki sayensa ake. Duk abinda za ki ba wa maki a gabanki za a yi shi. Kuma wajen makin ki duba ya gama ko bai gama ba, ya kula da kayan aiki, ya taimaki 'yan gidan da kika sa shi a aji, zai iya bayanin abinda ya yi, kar ki tsaya a kan na wa ya fi kyau.

Dan haka ranar Asabar ki shiga kasuwa ki sayo zoɓo gwangwani ɗaya da kurkur da ƙaro kaɗan da kuɓewa, ki bi ta wurin mai shagon unguwarku ki karɓo kwalaye, ki zauna da yaran gidanku da yamma ku gwada bugun kuɓewar nan sau ɗaya dan hannunki ya saba ki kuma gane kaurin da kalar take so. Ranar darasi ki shiga da robobinki a tire, kar ki taɓa alli sai minti goma na ƙarshe. In kin yi sati uku a haka ki sake rubuto min, ina so in ji me yaran bencin baya suka yi, kuma ki gaya min yadda kuka ƙare da baban yaron.